Stephen Hopkins: Attajirin da Ya Zama Uban Jami'a, da Baiwar da Ya Ƙi 'Yantawa

Mutum 56 ne suka sa hannu a takardar shelar 'yancin kan Amurka ta shekarar 1776. Duk wanda ya dubi hoton takardar da kyau zai ga wani sa hannu guda da ya fita dabam: haruffansa a karkace, layinsa yana rawa kamar na yaron da ke koyon riƙe alƙalami. Mai shi dattijo ne ɗan shekara 69 wanda ciwon karkarwa ya kama, har ana ba da labari cewa sai da ya tallafi hannunsa na dama da na hagu kafin ya iya kammala rubuta sunansa. In ban da Benjamin Franklin, babu wanda ya girme shi a cikin masu sa hannun. Sunansa Stephen Hopkins, wato Istifanus, mutumin Providence a yankin Rhode Island.

Manomi ne tun farko, sannan ma'aunin ƙasa, sannan ɗan kasuwa mai jiragen ruwa. Ya yi alƙalin alƙalai, ya hau kujerar gwamna sau huɗu, kuma shi ne uban jami'a na farko na makarantar da a yau ake kira Jami'ar Brown, ya riƙe wannan muƙami shekara 21 har mutuwa ta raba, alhali shi kansa bai taɓa zama a ajin wata babbar makaranta ba. Wannan mutum kuma, yana tsakiyar ɗaukakarsa, ikkilisiyarsa ta zauna a kansa ta cire sunansa daga cikin 'yan'uwa saboda wata baiwa guda ɗaya.

Ƙasar da ya tashi a ciki

Rhode Island ƙaramin yanki ne ƙwarai, amma asalinsa ya bambanta da na maƙwabtansa. Wani mai wa'azi, Roger Williams, shi ya kafa garin Providence a shekarar 1636, bayan da hukumomin Massachusetts suka kore shi domin ya dage cewa mai mulki ba shi da iko a kan lamirin mutum game da sujada. Sunan da ya ba garin yana nufin tanadin Allah, domin ya gaskata Allah ne ya kiyaye shi a jeji cikin tsananin sanyi. A nan aka kafa ikkilisiyar Baftis ta farko a Amurka a 1638. A nan kuma 'yan ɗarikar Kweka suka sami mafaka a lokacin da ake tsananta musu a Boston, inda aka rataye huɗu daga cikinsu tsakanin 1659 da 1661, har da wata mace mai suna Mary Dyer.

Su 'yan Kweka, waɗanda ke kiran kansu Jama'ar Abokai, sun samo asali ne daga wa'azin George Fox a Ingila. A wancan zamani ba su da fastoci naɗaɗɗu. Sukan taru su zauna shiru har sai wani ya ji Ruhu ya iza shi ya yi magana. Ba sa rantsuwa a kotu, ba sa ɗaukar makami, suna sa tufafi marasa ado. Sai dai duk da rashin fasto suna da tsari mai ƙarfi: kowane wata 'yan'uwa sukan zauna su duba zaman junansu, su aika a gargaɗi wanda ya kauce, in ya ƙi ji su raba shi da zumunta. Wannan taron wata-wata shi ne zai sha gaban Hopkins daga baya.

An haife shi ranar 7 ga Maris, 1707, a ƙasar Providence, ɗan William Hopkins da Ruth Wilkinson, ya kuma girma a gonar iyayensa a gefen da daga baya ya zama garin Scituate. Babu makaranta a wannan daji. Mahaifiyarsa ce ta koya masa karatu da rubutu, kakansa na wajen uwa, Samuel Wilkinson, ya koya masa lissafi da awon ƙasa. Sauran iliminsa kuwa daga littattafan da ya iya samu ne, na gida da na aro, kuma ya kamu da son karatu irin wanda ba ya sakin mutum har tsufa. Yana ɗan shekara 19, a 1726, ya auri Sarah Scott, mahaifinsa ya yanka masa eka 70 ta gona, kakansa ya ƙara masa 90. Allah ya ba su 'ya'ya bakwai.

Awon ƙasa sana'a ce mai sa a san mutum, domin duk mai rigimar iyakar gona sai ya neme shi, kuma sai an yarda da gaskiyarsa kafin a karɓi hukuncin igiyarsa. Da aka yanke Scituate ta zama gari mai zaman kansa a 1731, shi ya shugabanci taron farko na mutanen garin, a shekara ta gaba ya zama magatakardan gari, aka kuma tura shi majalisar dokokin yankin, inda daga baya ya zama kakakinta. A 1742 ya sayar da gonarsa ya koma cikin garin Providence.

Kasuwa, baƙin ciki da siyasa

A lokacin Providence ƙaramin gari ne a bakin ruwa, Newport ce babbar tasha mai attajirai da manyan gidaje. Hopkins ya buɗe kanti, ya sa hannu a ƙera jiragen ruwa da yi musu lodi, ya shiga hannun jari a tafiye-tafiyen fatauci zuwa tsibiran Karibiyan. A nan ya ƙulla hulɗa da gidan Brown, wanda 'ya'yansa huɗu, Nicholas da Joseph da John da Moses, suka zama ginshiƙan kasuwancin garin. A 1765 shi da su suka kafa ma'aikatar narka ƙarfe mai suna Hope, ɗansa Rufus ya riƙa kula da ita, kuma ita ce ta zuba igwogi a lokacin yaƙin neman 'yanci. Bai tsaya ga neman kuɗi kaɗai ba. Yana cikin waɗanda suka kafa ɗakin karatu na garin a 1753, ya kuma taimaki William Goddard ya fara buga jaridar Providence Gazette a 1762.

Shekarar 1753 ita ce mafi ɗaci a rayuwarsa. Ɗansa Silvanus ya rasa ransa a hannun 'yan asalin ƙasar bayan jirginsu ya farfashe a gaɓar Nova Scotia. Ɗansa John ya mutu da cutar agana a wata tashar jiragen ruwa a Sifen. Kafin shekarar ta ƙare, uwarsu Sarah ta bi su. Teku da ta kawo wa gidan arziki ita ce ta cinye 'ya'yansa. Bayan shekara biyu, a 1755, ya auri wata gwauruwa 'yar Kweka mai suna Anne Smith, kuma a wannan lokaci ne ya shiga Jama'ar Abokai sosai, aka rubuta sunansa cikin 'yan'uwa.

A wannan shekara ta 1755 aka fara zaɓensa gwamna. Rhode Island tana da wata gata da yawancin yankunan mulkin mallakar Ingila ba su da ita: takardar izini da Sarki Charles na Biyu ya ba ta a 1663 ta yarda mutanenta su zaɓi gwamnansu da kansu, kowace shekara. Zaɓe kowace shekara kuwa yana nufin siyasa ba ta hutu. Sama da shekara goma yankin ya rabu biyu, ɓangaren Hopkins da ɓangaren Samuel Ward, wani mai gonaki daga Westerly wanda attajiran Newport suka mara wa baya. A baki ana jayayya ne a kan kuɗin takarda da kuɗin ƙarfe, amma a ƙarƙashi gasa ce tsakanin Providence mai tasowa da Newport mai tsohon arziki, da kuma wanda zai raba muƙamai. Ɓangarorin biyu sun kashe kuɗi wajen sayen ƙuri'u, kuma babu wanda hannunsa ya fita da tsabta. Rigimar ta kai har Hopkins ya kai Ward ƙara kan ɓata suna, yana neman diyya mai yawa. Aka mai da shari'ar Massachusetts domin a sami alƙalan da ba su da ɓangare, a 1759 kuma ta ƙare Ward ya yi nasara, Hopkins ya biya kuɗin kotu. Ga mutumin da ɗarikarsa ke koyar da sulhu tsakanin 'yan'uwa, wannan ba abin yabo ba ne.

Ya yi gwamna daga 1755 zuwa 1757, daga 1758 zuwa 1762, daga 1763 zuwa 1765, sannan daga 1767 zuwa 1768. Abin da ya fi kyau a duk wannan tarihi shi ne ƙarshensa. A 1768 mutanen biyu suka amince kowa ya janye, aka tsai da Josias Lyndon wanda ɓangarorin biyu suka yarda da shi. Shekara shida bayan haka, su biyun ne yankin ya aika Filadalfiya su wakilce shi tare.

Makarantar Baftis da ubanta ɗan Kweka

A tsakiyar ƙarni na 18, kusan kowace babbar makaranta a Amurka tana hannun wata ɗarika ce. Harvard da Yale na 'yan Kongirigeshan ne, William and Mary ta Angilikan ce, ta New Jersey, wadda ta zama Princeton, ta Firesbiteriyan ce. Baftis ba su da tasu, kuma ana yi musu kallon marasa ilimi. Saboda haka ƙungiyar ikkilisiyoyin Baftis ta Filadalfiya ta aiki wani saurayi mai suna James Manning zuwa Rhode Island a 1763, domin a can ne kaɗai Baftis suke da yawa da kuma murya a majalisa.

Rubuta takardar kafa makarantar bai zo da sauƙi ba. Wani masanin fasto ɗan Kongirigeshan, Ezra Stiles, shi ya tsara daftarin farko, amma Baftis suka ga kamar ya karkatar da ikon zuwa ɗarikarsa, sai aka sake gyara. Wadda majalisa ta amince da ita a 1764, Hopkins yana gwamna, ta raba kujerun amintattu 36 kamar haka: Baftis 22, Kweka 5, Angilikan 5, Kongirigeshan 4. Shugaban makaranta dole ya zama Baftis. Amma takardar ta hana a yi wa ɗalibi gwajin addini kafin a karɓe shi, ta kuma ba kowa cikakken 'yancin lamiri, abin da ba a saba gani ba a wancan zamani. A 1770 ma hukumar makarantar ta fito fili ta ce 'ya'yan Yahudawa suna iya shiga.

Da amintattun suka yi zamansu na farko a Newport cikin Satumba 1764, suka zaɓi Stephen Hopkins uban jami'a. A Nijeriya an saba ganin wannan muƙami a hannun manyan sarakuna, waɗanda ake gani musamman ranar bikin yaye ɗalibai. A can aikin ya fi haka nauyi, gama uban jami'a shi ne ke shugabantar zaman amintattu, su ne kuwa masu neman kuɗi da riƙon dukiyar makaranta. Zaɓen nasa hikima ce. Makarantar Baftis da ta ɗora ɗan Kweka a kan amintattunta ta nuna tun ranar farko cewa abin da ta rubuta game da 'yancin lamiri da gaske take yi. Ban da haka, shi ne mutumin da attajirai ke jin maganarsa, kuma ko masu digiri sun san cewa karatun da ya yi wa kansa ya fi na yawancinsu faɗi. Abokin hamayyarsa Samuel Ward shi ma yana cikin amintattun.

Makarantar ta fara ne a garin Warren a 1765, Manning yana shugaba kuma shi kaɗai ne malami, da ɗalibi guda ɗaya tak, William Rogers, yaro ɗan shekara 14. A 1769 aka yaye ɗalibai bakwai na farko. Sai tambaya ta taso: ina za a gina mazauninta na dindindin? Newport da Providence suka shiga gasar tara gudummawa. Hopkins da 'yan gidan Brown suka tsaya wa garinsu, a Fabrairu 1770 kuma aka kaɗa ƙuri'a, Providence ta samu 21, Newport 14. A shekarar aka fara ginin bene a kan tudun da ke kallon gari, ginin da har yau yake tsaye ana aiki a cikinsa. Sunan Brown bai hau kan makarantar ba sai a 1804, bayan da Nicholas Brown ƙarami ya ba ta kyautar dala 5,000.

Uban jami'ar yana da sha'awar ilimi don kansa. Ranar 3 ga Yuni, 1769, tauraruwa Zara ta gitta ta gaban rana, abin da masana a ƙasashe da yawa suka shirya kallo domin su auna nisan rana daga duniya. Hopkins, yana da shekara 62, yana cikin 'yan ƙalilan da suka kafa madubin hangen nesa a Providence tare da Benjamin West da Joseph Brown. Har yanzu akwai titi a garin mai sunan wannan gittawa.

Alƙalami a kan Ingila

Bayan yaƙin shekara bakwai da Faransa, gwamnatin Biritaniya ta nemi kuɗi daga yankunan da take mallaka, ta kawo dokar harajin sukari a 1764, ta hatimi kuma a 1765. Hopkins ya daɗe yana tunanin haɗin kan yankunan, domin tun a taron Albany na 1754 ya goyi bayan shirin Benjamin Franklin na yin haka. A ƙarshen 1764 ya rubuta wata ƙasida mai suna The Rights of Colonies Examined, wadda aka sake bugawa a wurare da dama har da Landan. Hujjarsa ita ce majalisar da mutum ba shi da wakili a cikinta ba ta da ikon ɗiban dukiyarsa, kuma wanda ake ɗibar dukiyarsa ba da yardarsa ba an mai da shi bawa. Tun daga farkon ƙasidar ya ɗaukaka 'yanci a kan kowace albarka ta duniya, ya sa bauta a matsayin la'ana mafi nauyi.

A Yuni 1772 wani jirgin kwastan na Ingila mai suna Gaspee, wanda ya addabi 'yan kasuwar yankin, ya maƙale a rairayi kusa da Providence. Cikin dare wasu mutane, John Brown yana cikin jagororinsu, suka je da kwale-kwale suka harbi kwamandan suka ji masa rauni, suka ƙone jirgin. Landan ta ba da umarni a kamo masu laifin a kai su Ingila a yi musu shari'a. Hopkins, wanda a lokacin shi ne alƙalin alƙalai, ya bayyana cewa ba zai ba da takardar kama kowa don wannan manufa ba, ba zai kuwa bar wani jami'in yankin ya yi ba. Kwamitin bincike ya zauna watanni, garin duka ya yi gum, ba a gurfanar da ko mutum ɗaya ba.

Fibbo

Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mutumin da ya rubuta cewa haraji ba da yarda ba bauta ce, yana da bayi na gaske a cikin gidansa, masu dafa masa abinci da yi masa aiki. Takardu sun riƙe sunayensu: Fibbo, da St. Jago, da Prince, da Toney, da Adam, da Primus.

Lamarin ya wuce gidansa. Ƙaramar Rhode Island ita ce kan gaba a cinikin bayi a Amurka ta Arewa. Jiragenta sun yi tafiya wajen dubu zuwa gaɓar Afirka, suka kwashi mutane sama da 100,000. Tsarin cinikin shi ne a sayo baƙin ruwan rake mai kauri daga Karibiyan, a dafa shi ya zama barasa mai suna ram, a kai barasar Afirka ta Yamma a musanya da mutane, a kai mutanen gonakin rake a sayar, a sake lodin ruwan rake a komo gida. A farkon 1764, Hopkins yana gwamna, yankin ya aika wa Landan takardar kuka a kan harajin sukari, kuma cikin hujjojin da takardar ta kawo ba tare da jin kunya ba har da cewa harajin zai kashe cinikin Afirka, inda jirage wajen 18 ke zuwa kowace shekara da manyan gangunan barasa wajen 1,800.

A shekarar da aka kafa makarantar, cikin watan da aka zaɓi Hopkins ubanta, 'yan gidan Brown suka tura jirginsu mai suna Sally zuwa Afirka. Kyaftin ɗinsa Esek Hopkins ne, ƙanen Stephen. Ya sayi mutum 196. Aƙalla 109 daga cikinsu sun mutu, waɗansu da cuta da yunwa, waɗansu a tawayen da suka yi a cikin jirgi a Agusta 1765 aka buɗe musu wuta, waɗansu kuma suka kashe kansu. Bayan wannan, uku daga cikin 'yan'uwan huɗu ba su ƙara sa kuɗinsu kai tsaye a irin wannan tafiya ba, amma John ya ci gaba. Da aka zo ginin benen makaranta a 1770, bayi suna cikin leburorin da suka ɗora shi, har da wani dattijo mai suna Pero, gama waɗansu masu gudummawa aikin bayinsu suka bayar a maimakon kuɗi.

A cikin wannan duhu, 'yan Kweka ne suka fara farkawa a matsayin jama'a. Su ma a dā suna da bayi, har da masu jiragen bayi a cikinsu. Amma mutane irin su John Woolman, wani tela mai tawali'u daga New Jersey wanda ya ziyarci Newport a 1760, suka yi ta bi gida gida suna roƙon 'yan'uwa su auna wannan al'ada da umarnin Ubangiji na yi wa wani abin da kake so a yi maka. Sannu a hankali tarurrukansu suka tsai da shawara cewa ba a haɗa zumuntar Abokai da mallakar ɗan Adam. Aka naɗa 'yan'uwa su ziyarci duk mai bawa.

Suka zo wurin Hopkins. Ranar 28 ga Oktoba, 1772, ya rubuta wa St. Jago takardar 'yanci, ya kuma shaida a cikinta cewa riƙe halittar Allah mai hankali cikin bauta ya saɓa wa nufinsa mai tsarki. Sai dai ya saka wani sharaɗi a maganar: wannan ya shafi wanda zai iya riƙe kansa ne in an sake shi. Ta wannan ƙofa ya bi a kan Fibbo. Ya ce tana da ƙananan yara masu bukatar kulawa, kuma ya fi musu alheri su zauna a ƙarƙashinsa. Mai yiwuwa ne ya gaskata hakan har zuciyarsa. Amma ba abin da ya hana shi 'yanta ta, ya bar ta a gidan, ya riƙa biyanta lada, ya ci gaba da kula da yaran. Abin da ya ƙi saki shi ne ikon yanke mata hukunci.

'Yan'uwa ba su yi gaggawa ba. Suka aika masa, suka jira, suka sake aikawa, wata bayan wata. Ya kamata a tuna ko wane ne suke fuskanta: tsohon gwamna sau huɗu, alƙalin alƙalai mai ci, uban jami'a, mutumin da bai fi 'yan watanni da tsaya wa Sarkin Ingila ba. Su kuwa galibinsu manoma ne da masu sana'ar hannu na taron Smithfield. Da sun so, da sun sami dalilin kau da kai, gama samun irinsa a cikin ƙaramar ɗarika abin alfahari ne. A Maris 1773 suka rubuta cewa ba ya cikin zumuntarsu kuma. A shekarar ce abokin kasuwancinsa Moses Brown, wanda mutuwar matarsa ta girgiza, ya 'yanta nasa bayin, daga baya ya shiga Kweka ya ba da sauran ransa ga yaƙi da bauta. Ɗaya yana fita, ɗaya yana shiga.

Abin mamaki, a Yuni 1774 majalisar Rhode Island ta yi dokar hana shigo da bayi cikin yankin, ɗaya daga cikin na farko irinta a Amurka, kuma Hopkins ake dangantawa da kawo ta. Gabatarwar dokar ta yarda cewa masu neman 'yanci wa kansu ya wajaba su so shi ga waɗansu. Amma dokar tana da ramuka. Ba ta 'yanta ko mutum ɗaya da ke cikin bauta ba, ba ta kuwa hana jiragen yankin ɗaukar mutane daga Afirka zuwa Karibiyan ba, inda ribar take. Sai a 1784 aka yi dokar cewa duk ɗan baiwa da aka haifa daga 1 ga Maris na shekarar ɗa ne, sai kuma a 1787 aka haramta wa mutanen jihar cinikin bayi. A gidan Hopkins kansa, akwai waɗanda ba su ga 'yancinsu ba sai bayan rasuwarsa.

Filadalfiya da kwanakin ƙarshe

A babban taron wakilan yankuna na 1774, shi ne mafi tsufa, kuma yana cikin waɗanda suka hango tun da wuri cewa maganar ba za ta ƙare ba sai da jini. Wannan ma wani nisa ne daga koyarwar Abokai. Da yaƙi ya ɓarke, aka sa shi cikin kwamitin da ya kafa rundunar ruwa ta farko, inda sanin jirage ya yi amfani, kuma ƙanensa Esek, na jirgin Sally, aka naɗa babban kwamandanta a Disamba 1775, muƙamin da bai gama da shi lafiya ba, domin an sallame shi a farkon 1778. John Adams, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa na biyu, ya tuna zaman wannan kwamiti a matsayin mafi daɗin aikinsa a majalisar, saboda bayan an gama aiki dattijon yakan riƙe su da hira har dare ya yi nisa, yana zubo tarihin Girka da Roma da Ingila daga ka.

Samuel Ward ya mutu da agana a Filadalfiya cikin Maris 1776, saboda haka William Ellery ne ya sa hannu a takardar 'yanci tare da Hopkins a madadin Rhode Island. A Satumba na shekarar rashin lafiya ya mai da shi gida. Makarantarsa kuwa yaƙi ya rufe ta daga ƙarshen 1776 har 1782, benen ya zama barikin soja, daga baya asibitin sojojin Faransa. Ya rayu ya ga an sake buɗe ta, ya ga yarjejeniyar zaman lafiya ta 1783, amma ya binne matarsa Anne kafin nan. Ya rasu a gidansa ranar 13 ga Yuli, 1785, yana da shekara 78, aka binne shi a maƙabartar arewa ta Providence. Jabez Bowen ya gaje shi a kujerar uban jami'a.

Gidansa yana nan a Providence, an mai da shi gidan tarihi. A 2003 shugabar Jami'ar Brown ta lokacin, Ruth Simmons, wadda ita kanta daga zuriyar bayi ta fito, ta kafa kwamiti ya binciki alaƙar makarantar da bauta. Rahoton da ya fito a 2006 ya nuna cewa wajen mutum 30 daga cikin hukumar gudanarwarta ta zamanin farko sun mallaki jiragen bayi ko sun tuƙa su, ya kuma bi labarin Sally dalla-dalla daga littafin lissafin Esek Hopkins. A 2014 jami'ar ta kafa abin tunawa a filin da ke gaban tsohon benen na 1770: wata babbar ƙwallon ƙarfe da ta nutse rabi cikin ƙasa, da sarƙa a jikinta wadda ƙarshenta ya tsinke.